Talabijin Uku a Motar Wendell

Orval Kubicek ya haura saba'in lokacin da ya auri Ardith, kuma tun kafin a ɗaura auren ta gaya masa cewa motar gidanta ba ta sayarwa ba ce. Ya ce shi ma bai yi niyyar sayar da ita ba. A ganinsa mota ai mota ce. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi yana jigilar shanu daga Nebraska zuwa Kansas, wace irin mota ce bai kwana a cikinta ba? Bai san cewa wannan da mai ita a ciki za a miƙa masa ba.

Mai ita shi ne Wendell Sundgaard, mijin Ardith na fari, wanda ya yi aiki a kamfanin tarho har ya yi ritaya. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, 'yan shekaru kafin Orval ya fara neman kujera kusa da Ardith a coci. Motar doguwa ce, da falo da kicin da banɗaki, sai ɗakin kwana can baya. Da ita Wendell da Ardith suke guje wa dusar ƙanƙara duk shekara, su gangaro kudancin Texas su kafa ta a filin Tres Palmas tare da sauran tsofaffin da sanyi ya ishe su, sai gari ya yi ɗumi su koma gida.

Ba inda Orval zai kai hannu a motar nan bai taɓa aikin Wendell ba. Shi ya kafa katako a saman tagar kicin don kwalaben yaji. Shi ya yi wa ƙofar firji maɗauri na roba don kada ta buɗe a kan hanya. Kujerar direba ma ta lotsa daidai zaman Wendell, wanda ya fi Orval faɗi nesa ba kusa ba. A Nebraska abin da sauƙi, tunda gidan Orval suka tare. A Tres Palmas kuwa kowa ya san Wendell.

Ranar da suka iso, Orval bai gama juya motar ba sai ga Duane Thiessen, wani dogon manomi ɗan Manitoba da motarsa ke kusa da tasu, ya fito da kofi a hannu yana yi masa ishara.

"Ango, ƙara ja baya kaɗan. Wendell daidai wancan dutsen yake tsayar da tayar baya."

Orval ya ja baya, ya tsayar da tayar daidai dutsen, ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Daga ranar sunan Ango ya bi shi. Mutanen filin ba su da mugun nufi, hannu bibbiyu suka karɓe shi, har ana aiko masa da garehul daga lambu. Amma idan baƙo ya tambayi inda Orval yake, sai a ce ya bi layi na biyu, motar Wendell, mai ratsin ruwan ƙasa. Idan famfon wani ya lalace sai a yi ajiyar zuciya a ce da Wendell na nan da tuni an wuce wurin. Bernice, matar Duane, takan kira Ardith da sunan tsohon mijinta, sannan ta toshe baki ta ce a yi mata haƙuri, tsufa ne.

Shi Orval ba wanda ya taɓa yin ajiyar zuciya a kansa. Matarsa ta fari ta kwashe yaransu ta koma Oregon tun suna firamare, ta ce ta gaji da auren mutumin da sai an yi sa'a ake ganinsa a gida. Bai ga laifinta ba. Sai ya zamana duk sanda aka ambaci Wendell ransa yakan sosu, kuma ya rasa wanda zai faɗa wa. Wane mai hankali ne zai fito ya ce yana kishi da wanda ke cikin kabari?

A gefen motar, ƙarƙashin rumfa, akwai wata 'yar ƙofa da ake ɗagawa sama. A cikinta Wendell ya ɗaure talabijin don a riƙa kallon ƙwallo a waje, amma bai kai ga jawo masa waya ba ya kwanta ciwon ajali. Wata yamma ana zaune Duane ya buga ƙofar da bayan yatsa, ya ce kaico, da mutumin nan ya ƙara hunturu ɗaya a duniya da a nan za su kalli wasan sabuwar shekara, iska na kaɗa su, maimakon cunkushewa a zauren taro ana shaƙar numfashin juna. Orval ya ce a nan ɗin za a kalla.

Ardith ta ce ya bari a kira mai gyara daga gari, ko kuma Duane ya kama masa. Ya ce ba ya bukatar kowa.

Talabijin biyu ne ke aiki a motar, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwana. Dukansu daga dish ɗin kan rufi suke samun hoto, ta cikin wani akwati mai maɓallai da Wendell ya haɗa da hannunsa ya ɓoye a bayan kabad. Orval ya buɗe kabad ɗin ya haska tocila, ya ga wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya, kowace da 'yar alama manne a jikinta da gajerun haruffan mutanen tarho. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe. Ya rantse a ransa ba zai bi ta akwatin nan ba.

A ɗakin kwana ya sami abin da yake nema. Waya ce guda ɗaya a fili, ta fito daga bayan na'urar kaset ɗin bidiyo ta shiga talabijin, kuma hoton dish tar a cikinta. Bai tsaya tambayar kansa abin da zai faru idan aka sa kaset a na'urar ba, don bai taɓa ganin an sa ba. Ya shiga gari ya sayo wani ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana girma ba, baki ɗaya na shiga, uku na fita, da nadin waya mai tsawo. Ya raba wayar nan uku. Ɗaya ta koma talabijin ɗin ɗaki, ɗaya ya ja ta ƙarƙashin motar zuwa waje, ta ukun ya kai ta falo bayan ya zare tsohuwar, don kada a ce akwai wani sashe na aikin da ba nasa ba.

Ya sha wuya. Kwanaki ya yi kwance a kan tsakuwa yana tura waya ta ramukan da yatsunsa ba sa shiga, duk gaɓoɓin hannunsa sun ɗaye. Duane yakan zo ya tsuguna ya tambayi ƙafafun da ke leƙowa daga ƙarƙashin motar ko Ango na raye, ko a fara neman wa amarya wani. Orval yakan ce masa ya je ya ji da nasa tsufan. Ranar da ya kunna, hoto ya fito a duka ukun, iri ɗaya, mace ɗaya tana karanta labarai a ɗaki da falo da waje. Ya yi ta zarya tsakaninsu yana dubawa kamar yaron da aka saya wa keke. Ardith ta fito ta tsaya gaban na wajen, ta dafa kafaɗarsa ta ce ya yi ƙoƙari. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya zaɓi ya ɗauka na murna ne.

Ran sabuwar shekara rumfar ta cika tun da hantsi. Kowa ya zo da kujerarsa. Bernice ta kawo kwaɗon dankali, wata Lavonne da mijinta ya rasu bara ta kawo wake da yaji, Orval kuma ya tsaya a bakin murhu yana gasa tsiran alade, fuskarsa kamar ta mai sabon gida. Aka yi ta yabon aikinsa. Wani ma ya ce hoton ya fi na zauren taro kyau. Karo na farko ke nan da ya ji ana cewa rumfar Orval.

Ardith ta zuba wa kowa abinci, ta ɗan zauna. Da wasa ya yi nisa ta raɗa masa cewa kanta na sarawa, za ta ɗan kwanta. Dama takan yi barcin rana. Ya ce ta sha magani.

Ƙungiyar jihar su Orval na daf da cin ƙwallo, maza duk sun miƙe tsaye, sai hoton ya yi tsalle. Allon ya zama shuɗi. Kafin kowa ya gama tsaki wani hoton ya fito, mai ɗan rawa, launinsa ya koɗe. Rumfa ce. Wannan rumfar dai, da wannan motar mai ratsin ruwan ƙasa. A bakin murhu, daidai inda Orval ke tsaye, ga wani ƙaton mutum mai jan fuska ya ɗaura ƙyallen girki a kan tumbinsa, ya kai cokalin juya nama bakinsa kamar makirufo.

Kowa ya zuba wa allon ido.

"Wendell," in ji Bernice, a hankali.

Mutumin cikin allo ya gyara murya ya fara waƙa. Waƙar shirme ce da shi ya ƙirƙira, muryar kuma kamar ta jaki mai mura, yana kiran wata Ardie, yana cewa ta ƙona masa wake amma ya yafe mata. Mai riƙe da kyamarar tana ta dariya har hoton na karkacewa. Orval bai taɓa jin an kira matarsa Ardie ba. Kyamarar ta juya kan jama'a, sai ga Duane da baƙin gashi, ga Bernice ba tabarau. Ga kuma wani siririn mutum da hular kamun kifi yana ɗaga kwalba. Lavonne ta ajiye farantinta a ƙasa, ta ja kujerarta har gaban allo. Mijinta ne.

Orval ya miƙa hannu zai kashe. Duane ya riƙe masa hannun riga ba tare da ya dube shi ba.

"Bar shi, Ango. Ƙwallo ba ta ƙarewa."

Ba wanda ya sake tuna wasan. Suka matso suna nuna kansu, suna tuna wace shekara ce, wa ya mutu, wa ya daina zuwa. Duane na dariya yana goge ido. Tsiran alade suka ƙone a kan wuta ba wanda ya lura. Ta tagar baya kuma, wadda ke a ɗan buɗe, Orval ya ji wata dariyar tana bin ta cikin kaset ɗin, iri ɗaya sak, sai dai wannan ta yau ce. Dariya ce daga can ƙasan ciki, mai shiƙewa a ƙarshe. Tun da ya san Ardith bai taɓa jin ta yi irinta ba.

Ya ajiye cokalin da ke hannunsa ya shiga. Ya tarar da ita zaune a bakin gado ta cire takalma, fuskarta jiƙe, bakinta har yanzu da sauran dariya. Da ta gan shi ta lalubo rimot.

"Ba sai kin kashe ba. Jama'a na kallo."

Ba ta gane ba. Ya ɗaga mata labule. Ta ga Lavonne durƙushe gaban allo, ta ga sauran a bayanta. Jinin fuskarta ya zuƙe, sannan ya dawo gaba ɗaya.

"Ɗakina ka fitar waje, Orval?"

"Ni ciwon kai kika ce mini." Ya nuna talabijin da haɓa. "Barcin ranar da kike yi, wannan ne?"

"Wani lokaci barci ne. Wani lokaci wannan ne."

Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kafin ta san shi, kuma ba ta daina ba. Ta ce shekara arba'in da ɗoriya ta yi da mutumin nan, 'ya'yanta nasa ne, ko yana so ta ce ba ta san shi ba? Yau kuma da ta ga talabijin ɗin waje na aiki, jama'a sun taru yadda Wendell ya yi ta buri, sai ta ji ba za ta iya zama ba sai ta ga fuskarsa.

"Ni na kwanta a kan tsakuwa," in ji Orval. Muryarsa ta fito siririya, shi kansa bai so jin ta ba. "Ban ce ki manta da shi ba. Irin dariyar nan kawai nake so ki yi mini, ko sau ɗaya."

Ba ta ce za ta yi ba. Da ta yi masa ƙarya ma da ya fi masa sauƙi. Ta danna rimot, ƙwallo ta dawo, aka ji jama'ar waje sun yi wani ƙaramin gunaguni na takaici.

Kwanakin da suka biyo baya ba a yi faɗa ba. Ya ce mata abin ya wuce, ita ma ta ce ya wuce. Amma Orval ya zama mai gadi. Idan ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, sai ya kunna talabijin ɗin falo ya kashe sauti, ya zauna yana jiran allon ya yi shuɗi. Bai yi ba, don yanzu ta san komai a haɗe yake. Hakan bai sanyaya masa rai ba. Sai ya riƙa tunanin ai ba ta bukatar kaset, idonta kawai za ta rufe. Idan ta yi shiru a kan abinci ya ce a ransa tana can. Idan ta yi masa murmushi ya auna shi ya ga bai kai ba. A waje kuma mutane suka ishe shi da godiya. Lavonne ta tare shi a wurin wanki ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta ce Allah ne ya sa shi ya haɗa wayar nan, ko zai roƙar mata Ardith a sake nunawa? Ya ce zai gani.

Wata safiya Ardith da Bernice suka tsallaka gada zuwa Meziko sayo magani, kamar yadda suke yi duk wata. Orval ya wanke kofuna, ya share falo, ya zauna, ya tashi. Ya shiga ɗaki ya ɗaga katifa. A ma'ajin ƙarƙashinta ga kwalin takalmi cike da kaset, na ranar yana sama.

Ya juya shi a hannu. An ɓalle ɗan harshen gefensa don kada a iya ɗaukar wani abu a kai. Ba shakka Wendell ne, mutumin da ba ya manta komai. Orval ya tafi kicin ya yanko salatif ya rufe ramin. Ya ce wa kansa gwadawa kawai yake yi.

Ya sa kaset ɗin ya mayar da shi baya. Ƙaton mutumin ya sake fitowa da ƙyallen girkinsa, ya gyara murya. Orval ya zauna daidai inda Ardith ta zauna yana kallonsa. Ya nemi abin ƙi a fuskar nan bai samu ba. Mutum ne mai daɗin zama, irin wanda da a wurin shan mai suka haɗu da sun sha kofi tare. Wannan ya fi komai ƙona shi. Waƙar ta kai inda ake cewa Ardie, dariyar ta tashi daga bayan kyamara. Ya tsayar, ya ɗan mayar da shi baya, ya danna jan maɓallin ɗauka.

Wani mai tallan taya ya cika allon yana ihu a kan rangwame, na'urar na ɗaukarsa a kan waƙar. Orval ya zuba masa ido, kunnuwansa na ƙara. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Abin da ya dawo da shi bugun taga ne, da ƙarfi, da tafin hannu. Ya zabura ya kashe.

Ya manta sarai cewa shi da bakinsa ya ce wa Duane ya riƙa kunna talabijin ɗin waje duk safiya. Duane na son ya zauna da kofinsa ya ga irin sanyin da ake yi a Manitoba, ya ji daɗin ba ya can.

"Orval, fito."

Ya fito. Duane na tsaye, ba alamar wasa a fuskarsa.

"Na ga ya fito, na ga ya ɓace, na ga jan ɗigo a kusurwa. Gaya mini ba abin da nake zato ba ne."

Orval ya sunkuyar da kai. Duane ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce Wendell abokinsa ne amma ba waliyyi ba ne. Akwai shekarar da shi Duane ya yi rawa da Ardith a zauren taro, rawa ɗaya tak, Wendell ya ƙi yi masa magana har aka watse hunturun. Kishi ba baƙon abu ba ne a motar nan.

"Amma shi bai taɓa lalata mata abu ba," ya ce. "Ni ba zan gaya mata ba. Sai dai ka san Bernice, kafin in gama cin abincin rana ta karance ni. Gara matarka ta ji daga bakinka."

Da azahar matan suka dawo. Ardith ta shigo da ledar magani da wani ɗan ƙunshi a takarda, fuskarta a sake fiye da yadda ta kasance tun sabuwar shekara. Ta ce ta gano masa bel na fata a wajen wani tsoho a bakin gada, tunda nasa ya tsattsage. Ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ce ta fara zama.

Ya faɗa mata a tsaye, ba kwana-kwana. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tashi ta shiga ɗaki, ya bi ta ya tsaya a bakin ƙofa. Ta mayar da kaset ɗin baya ta kunna. Wendell ya gyara murya, ya yi baiti ɗaya, ya buɗe baki zai shiga na biyu, sai mai taya. Ta zauna ta kalli tallan tun daga farko har ƙarshe, da wani na sabulu da ya biyo shi. Sannan hoton ya yi rawa, ga Wendell yana rusunawa, jama'a na tafi.

Ta fitar da kaset ɗin ta ɓare salatif ɗin da farce, ta manna shi a gefen tebur.

"Waƙar ba ta da daɗi," ta ce. "Muryar ma ba shi da ita. Amma nan kaɗai nake da shi yana kiran sunana."

Ta ɗauki kwalin gaba ɗaya ta fita da shi zuwa motar Bernice. Ba ta dawo ba sai da rana ta yi sanyi.

Orval ya koma kwana a kujerar falo. Ba ita ta ce ya koma ba, shi ya ga ya dace. Takan dafa abinci ta zuba masa, ta amsa idan ya yi tambaya, iyakarta ke nan. Labari ya zaga filin kamar yadda ya saba. Ba wanda ya tare shi da maganar, amma garehul ya daina zuwa, Lavonne kuma idan ta hango shi sai ta canja layi. Ƙofar talabijin ɗin waje ta zauna a rufe. Bel ɗin na nan kan katakon kicin cikin takardarsa, ba wanda ya taɓa.

Da ya ga zaman ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya je ya sami Duane, ya ce ya zo ya taimaka masa a raba ɗakin da sauran. Suka buɗe kabad suka wuni suna bin alamomin Wendell ɗaya bayan ɗaya, Duane na riƙe da tocila yana mita a kan gwiwoyinsa. Can ƙasan akwatin suka ga wani baki da ba a sa masa komai ba, an rufe shi da 'yar hular roba. Na talabijin ɗin waje ne, tun tuni yake jira. Orval ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kwance ɗan ƙarfensa, ya mayar da wayar ɗaki yadda ya same ta, ya mayar da ta falo, ya ɗauki wayar da ya sha wuyar ja ya ɗaura ta a akwatin Wendell. Ta shiga daidai. Duane ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Da yammacin ranar ya gaya wa Ardith an raba, abin da ta kunna a ɗaki nata ne ita kaɗai. Ya ƙara da cewa idan ta fi so, zai hau bas ya koma Nebraska, ɗanta ya zo ya tuƙa mata motar idan lokaci ya yi. Tana yanka albasa, ba ta juyo ba.

"Ba korarka nake yi ba. Da zan kore ka da tun ranar na yi." Ta share wuƙar a jikin tsumma. "Amma ka ji da kyau. Zan ci gaba da kallonsa. Zan ja ƙofa, kuma ba zan sake ce maka ciwon kai ba, zan ce maka Wendell zan kalla. In za ka iya zama da haka, to. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu."

Ya ce bai sani ba ko zai iya.

Ta ce wannan dai gaskiya ce, ta fi komai da ya faɗa tun da suka zo. Ta ce ya miƙo mata tukunya.

Kwalin bai dawo ba sai bayan mako biyu ko fiye. Wata ranar Lahadi, bayan sun dawo daga coci sun ci abinci, ta tattara faranti ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta dube shi.

"Wendell zan kalla."

Ya gyaɗa kai. Ƙofar ta rufu. Ya ji ƙarar na'urar tana haɗiye kaset, kishin nan ya taso masa, da zafinsa kamar na ranar farko. Ya tsaya riƙe da bayan kujera. Sannan ya fita waje ya zauna ƙarƙashin rumfa, ya ja kujerarsa nesa da tagar baya.

Duane ya hango shi daga motarsa. Bai tambayi komai ba, ya dai zo da karta da kwalba biyu, ya ja tebur. Orval ya yi wasa kamar wanda bai taɓa riƙe karta ba, yana zubar da manya yana riƙe ƙanana. Duane ya cinye shi ya sake cinyewa, ya ce idan haka mutanen Nebraska suke wasa gara ya koma yi da Bernice, ita ko ba komai tana zagi.

Inuwa ta kai bakin titi kafin ƙofar motar ta buɗe. Ardith ta sauko a hankali tana dafa ƙarfe saboda gwiwarta, idanunta jajaye. Ta tambayi wa ke ci. Duane ya ce tambayar ma cin fuska ce. Ta jawo kujera ta zauna, ba daf da Orval ba, ba kuma can nesa ba, ta ce a raba da ita.

Orval ya tattara kartar ya cakuɗa. Abin na nan a ƙirjinsa bai tafi ba, kuma ya fara gane cewa ba zai tafi ba. Ya raba wa mutum uku.